Kumburin muƙamuƙi: Me ya sa ba ma ganin marasa lafiyar sai a bidiyon neman taimako?

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ya san irin bidiyon nan. Saurayi ne ko budurwa a zaune kan tabarma, gefen fuska ya kumbura ya sauko har wuya, baki ya karkace, an ja mayafi ko rawani an rufe rabin fuskar. Wani na riƙe da waya yana cewa, "Jama'a a taimaka wa baiwar Allah nan, likitoci sun ce sai an yi mata aiki." A ƙasa ga lambar asusu. Mu kuma mu danna alamar kuka, mu rubuta "Allah Ya ba da lafiya", mai hali ya tura dubu ɗaya ko biyu, sai a zarce bidiyo na gaba.

Taimakon abu ne mai kyau, kuma akwai waɗanda ta wannan hanya aka yi musu aiki suka samu sauƙi. Sai dai akwai tambayar da ban cika ganin an yi ba a wajen sharhi: wai kumburin nan yaushe ya fara? In ka saurari bayanin dangi da kyau, za ka ji ana cewa shekara huɗu, shekara shida, wani ma tun yana sakandare. Ke nan abin da muke kallo a waya ƙarshen labari ne. Farkonsa ɗan tudu ne a dasashi, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ba zafi ba ciwo, har mai shi ya manta da shi. Tsakanin ɗan tudun nan da bidiyon akwai shekaru, kuma a cikin shekarun nan ake asarar ƙashi da haƙora da kuɗi, wani lokaci har da rai.

Ƙari iri biyu ne

Ƙari shi ne tsiron da ke fitowa idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Likitoci sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda ke girma a inda ya fito, ba ya tsallakawa wani sashe na jiki. Akwai kuma wanda ke cin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya tafi huhu ko hanta ko wani ƙashi. Wannan na biyun shi ne ciwon daji, ko sankara, ko cutar kansa.

Muƙamuƙi ya bambanta da sauran ƙasusuwa saboda a cikinsa haƙora ke ginuwa. Bayan haƙora sun gama fitowa, ragowar ƙwayoyin da suka gina su na nan kwance cikin ƙashin. A yawancin mutane haka za su zauna har tsufa ba su tashi ba. A wasu kuwa sai su farka su fara tsiro. Shi ya sa ake samun nau'o'in ƙari da ba ka ganin su a ko'ina sai a muƙamuƙi. Akwai ma wani mai suna odontoma, wanda in aka buɗe shi ake iske tarin 'yan mitsi-mitsin haƙora a dunƙule. Wanda bai sani ba in ya ga wannan zai rantse jifa ne, alhali aikin cire shi yana cikin mafi sauƙi.

"Ai ba kansa ba ce"

Binciken asibitocin koyarwa na Najeriya ya sha nuna cewa a cikin ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙora, wanda aka fi gani shi ne amelobilastoma. Ku riƙe sunan, domin kumbure-kumburen da muke gani a bidiyo da dama shi ne. Kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can baya wajen turamen haƙora. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, wato mu ɗin nan da yayyenmu.

A littafin likitoci yana layin ƙarin da ba kansa ba. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Da zarar an ce "ba kansa ba ce", sai a sauke ajiyar zuciya, a koma gida a ce sai an samu sarari. Shi kuwa ciwon bai san sarari ba. A hankali yake rarake ƙashin daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, ya hura shi, bangon ƙashin ya yi ta sirancewa har ya koma kamar ɓawon ƙwai. A hoton asibiti sai ka ga wurin ya yi rami-rami kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma. Haƙora su fara girgiɗi, su kauce daga layinsu. In aka ƙyale shi shekaru, yana hana tauna, ya hana magana sosai, ya tura harshe baya har numfashi ya zama aiki. Mutum ya rame saboda ba ya iya cin abin kirki, gyambo ya ɓarke a cikin baki, jini ya riƙa tsatsafowa. Ciwon da ba ya yaɗuwa ma yana iya kai mutum kushewa ta wannan hanya.

Wata matsalarsa kuma ita ce naci. In aka kankare shi kawai, sau da yawa yana dawowa, domin yana tura 'yan rassa cikin ƙashin da ido ke gani lafiyayye. Saboda haka a nau'insa da aka fi gani, likitoci kan yanke shi haɗe da kamar santimita 1 zuwa 1.5 na ƙashin da ke gefensa. To yi lissafi da kanka. Idan ƙarin bai wuce girman goro ba, ɗan yanki za a cire, wani lokaci ma a bar gindin muƙamuƙin a tsaye, fuska ba ta canza ba. Idan ya kai girman ƙwallo, rabin muƙamuƙi zai tafi, wani sa'in har da haɓa. Daga nan sai a nemi farantin ƙarfen titaniyam a ɗaure, a ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari ko ƙwaurin ƙafa a dasa. Ga ƙarin jini, ga doguwar kwanciya, ga haƙoran roba daga baya. Miliyoyin da ake nema a bidiyo, akasarinsu kuɗin jinkiri ne.

Wanda ba ya jira

Idan amelobilastoma tafiyar hawainiya yake yi, akwai wani ciwon muƙamuƙi mai gudun tsiya, kuma yara yake kamawa. A 1958 wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala ta Yuganda, ya wallafa bayanin wani ƙari da yake ta gani a muƙamuƙin yara. Daga baya ya zaga asibitoci a gabashi da kudancin Afirka yana bin sawun ciwon, ya gano ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin naman ƙarin da aka aiko musu daga Yuganda. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Yau an fahimci cewa haɗuwar wannan bairos da maleriya mai yawan dawowa ita ke share wa ciwon hanya a yankinmu.

Najeriya na cikin wannan tarihi. A Ibadan likita Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aikin gwada magungunan ciwon a kan yara, har ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt.

Limfomar Burkitt tana cikin ciwukan daji mafi saurin girma da aka sani, tana iya ninka girmanta cikin awa 24 zuwa 48. Ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Alamarta kumburin kunci ko muƙamuƙi mai ƙaruwa kullum, haƙora su yi ta girgiɗi ba lokacin famfara ba, wani lokaci ido ya turo waje ko ciki ya kumbura. A gida sai a ce hangum ne. Hangum kuwa yana saɓewa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Kumburin da ya wuce haka yana ƙaruwa, ba hangum ba ne.

Abin da zai ba ka takaici shi ne wannan ciwo yana jin magani ƙwarai. Ba yanka ake yi ba, allurai da ƙarin ruwa na maganin daji ake bayarwa, kuma kumburin kan fara sauka cikin kwanaki. A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 na warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗancan ƙasashe sama da kashi 80 na yara masu ciwon daji na rayuwa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030, kuma limfomar Burkitt na cikin ciwuka 6 da ta sa a gaba. Abin da ke kashe yaranmu shi ne zuwa a makare, da kuma tsayar da magani a tsakiya: kumburi ya sauka bayan zagaye na farko ko na biyu, kuɗi sun ƙare, iyaye su ce ai ya warke. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Kada kuma a haɗa wannan da ciwon noma, wanda ake jinyarsa a asibitin yara na musamman da ke Sakkwato. Noma ba ƙari ba ne, ƙwayoyin cuta ne ke cinye naman bakin yaron da tamowa ta raunana. Abin da ya haɗa su kawai shi ne duka biyun ba sa ba da lokaci.

Manya ma ba su tsira ba. Akwai dajin ƙashi mai suna ostiyosakoma, wanda a muƙamuƙi ya fi bayyana a shekaru talatin zuwa arba'in da wani abu. Akwai kuma dajin fatar cikin baki da ke farawa a dasashi ko harshe ya gangara cikin ƙashi, kuma taba da giya su ne manyan masu kiransa. 'Yan shisha, da ku ake, ita ma taba ce ko da an sa mata ƙamshin tuffa. Wata alama da mutane ke rainawa ita ce leɓen ƙasa ko haɓa su mutu, kamar an yi maka allurar kashe zafi ba ta sake ka ba. Akwai jijiyar da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, in ta daina aiki haka kawai, to wani abu ne ke danne ta ko yake cin ta.

Ina shekarun suke tafiya?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wajenmu abin da ba ya zafi ba a ɗauke shi ciwo ba. Mutum na cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, to me zai kai shi layin asibiti? Wannan shi ne zango na farko, kuma shi ya fi tsawo.

Zango na biyu kemis. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage raɗaɗi. In da ma wurin ya ɗan yi ruwa, sai ya lafa, a ce magani ya yi. Ƙarin na nan daram. Zango na uku mai cire haƙori na bakin kasuwa: haƙori na girgiɗi, a fizge shi ba hoto ba komai. Ramin ya ƙi warkewa, nama ya tsiro ta ciki. Zango na huɗu wanzami, a yi tsaga ko sakiya. Wasu nau'o'in ƙarin akwai ruwa a cikinsu, in aka huda sai ruwan ya fito, kumburi ya ɗan sauka, kowa ya yi murna. Bayan makonni ya sake cika, wannan karon da mugunya a ciki.

Daga nan sai maganar ta koma sammu ko jifa ko iska. Budurwa ce ana neman aurenta, ai kishi ne. Ɗan kasuwa ne ya fara samu, ai hassada ce. A sayar da akuya, a sayar da gona. Yanzu kuma ga sabon zango, masu tallar magani a TikTok da ke rantsuwa cewa garinsu na narkar da kowane irin ƙari cikin kwana bakwai, "ba tiyata ba allura". Babu wani gari ko jiƙo da aka tabbatar yana narkar da ƙarin da ke cikin ƙashi. Mai tallar ya karɓi kuɗinsa, wata shida na mara lafiya sun tafi.

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane, wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Na san inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai wani asibiti, an yanki nama, bayan wata biyu ya rasu. Abin da ba a faɗa shi ne an kai shi ne bayan ciwon ya gama yaɗuwa. Wanda aka kai da wuri aka yi masa aiki ya koma harkarsa, ba wanda ke ba da labarinsa, don fuskarsa ba ta nuna komai. Labarin waɗanda suka makara kaɗai ke yawo, shi kuma yake sa na baya su makara.

Sai kunya. Mace ta ja niƙabi, namiji ya bar gemu ko ya koma sa takunkumi, a daina zuwa biki, a daina zuwa makaranta. Wani lokaci iyaye ne ke ɓoyewa don kada a fasa aure.

Ba laifin majinyaci kaɗai ba ne

Ba adalci ba ne a ɗora komai kan jahilci. A ce yau mutumin ƙauye ya yi niyyar zuwa da wuri, ina zai je? Ƙananan asibitocin karkara da yawa ba su da likitan haƙori. Ƙwararrun tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska 'yan kaɗan ne, sun taru a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Cikin 'yan kaɗan ɗin ma wasu na haɗa jaka suna barin ƙasar. Ga kuɗin mota, ga na kwana, ga jiran sakamako. Na'urorin gashin daji kuwa ba su da yawa a duk faɗin ƙasar.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga tsarin inshora, amma har yanzu akasarin mutane daga aljihu suke biya. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara. Mai amelobilastoma kuwa ya faɗa tsakiya: ciwonsa ba kansa ba ne balle ya shiga irin wannan layi, kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Shi ya sa ya ƙare a wayoyinmu. Duk bidiyon neman taimako da ka gani, shaida ce cewa akwai gurbin da hukuma ta bari. Masu neman ƙuri'unmu ya kamata su ji wannan tambaya daga bakin matasa: likitan haƙori nawa ne a ƙaramar hukumarmu, kuma na'urar hoton haƙori tana aiki?

Abin da ke hannunmu

Na farko, mu san alamomin. Kumburi mai tauri a muƙamuƙi ko dasashi da ya wuce mako biyu, ko da ba ya ciwo. Haƙoran babba su fara girgiɗi ko su kauce ba dalili. Ramin haƙorin da aka cire ya ƙi warkewa. Gyambon baki da ya haura mako biyu zuwa uku. Leɓe ko haɓa su mutu. Gefen fuska ɗaya ya fi ɗaya. A yaro kuwa, kumburin da ke ƙaruwa kullum ba a kwana da shi ana shawara. Nan ma hotunan da muke ɗauka ba dare ba rana za su yi amfani: duba na bara ka gwada da na bana.

Na biyu, mu san abin da za a nema. A je sashen haƙori na babban asibiti, a yi hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, wanda ake kira OPG, in ta kama a yi CT. Sannan a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji a duba a madubin likita. Wannan gwajin shi kaɗai ke faɗin sunan ciwon. Ido ba ya bambance mai yaɗuwa da mara yaɗuwa, ko idon likita ne, balle na mai sharhi a Facebook. Ba kowane kumburi ne ƙari ba, da yawa ruɓewar haƙori ce ko ƙullutun ruwa da ake magancewa cikin sauƙi. In haka ne ka huta. Wanda aka yi wa aiki kuma kada ya yar da katinsa, domin amelobilastoma na iya dawowa bayan shekara 5 ko 10.

Na uku, mu gyara yadda muke taimako. Kafin ka tura kuɗi ko ka yaɗa, tambayi takardar asibiti da sakamakon gwaji. Inda zai yiwu a biya ta asusun asibitin kai tsaye, don akwai masu ɗaukar tsohon bidiyon wani su manna lambar asusunsu. Masu ɗaukar bidiyon kuma ku ji tsoron Allah, ku nemi izinin mara lafiya, ku daina cusa kyamara cikin bakin mutum kuna ɗora kiɗan tausayi don tara mabiya. Bayan ya warke zai koma cikin jama'a, bidiyon kuwa yana nan. Sannan in an tara kuɗin, a dawo a faɗa wa jama'a yadda aka yi da su.

Na huɗu shi ne wanda ba ya kawo mabiya ko ɗaya. A gidanku ko ajinku ko majalisarku, wataƙila akwai mai ɗan kumburi a gefen fuska da kowa ya saba gani, har an laƙaba masa suna ana tsokana. Ka ja shi gefe ka tambaye shi ko ya taɓa yin hoto. In kuɗin mota ne matsalar, ku haɗa masa a majalisa, ku raka shi. Abin da za ku kashe a wannan rana bai kai kuɗin datar da muke ƙonawa a wata ba, in aka kwatanta da abin da za a nema bayan shekara biyar. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon, ka fara da kai shi asibiti, sannan ka dawo ka sa yatsa ka shafa naka dasashin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.